Yadda za ku zauna da yara a jirgin ruwa mai tafiya da iska kuna zaga tsibirai

Iyalin da suka yanke shawarar kwashe yara su koma cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska, suna tsallakawa daga wannan tsibiri zuwa wancan a Karibiyan ko Kudancin Fasifik, abu na farko da ya kamata su sa a ransu shine ƙaramin yaron da ke cikin jirgin shi ke tsara tafiyar. Barcinsa, cikinsa, iya awannin da zai jure jirgi yana jijjiga shi, da waɗannan za ku auna komai, tun daga irin jirgin da za ku saya har ranar da za ku ɗaga anka, wato ƙarfen nan mai nauyi da ake saukewa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi a waje ɗaya. In kuka yarda da wannan tun farko toh rayuwar tana da daɗi ƙwarai, in kuka ƙi kuma kuka ce sai kun ga tsibiri ashirin a wata uku, yaran za su tsani teku, ku ma ku gaji ku sayar da jirgin da asara.

Kafin ku sayar da komai naku ku gwada tukuna. Ku yi hayar jirgi na sati ɗaya ko biyu, ko ku bi wani iyali da suka saba, ku kwana a kan anka a waje mai iska, ku ga waye yake amai, waye yake tsoron duhu, waye ba ya iya barci in igiyar ruwa tana dukan jikin jirgi. Gani ya kori ji. Kuma duk ku biyun, uwa da uba, ku je ku koyi tuƙi da gaske, kowa ya iya kunna inji, ya iya rage ƙyallen iska, ya iya sauke anka shi kaɗai, ya iya juyo da jirgi in wani ya faɗa ruwa. Dalili kuwa, iyaye biyu da ƙananan yara a zahiri matuƙi ɗaya ne a jirgin, dan duk lokacin da abu ya rikice ɗaya yana kan jirgi ɗaya yana kan yara, kuma ba ku san wanda ciwo zai kwantar a cikinku ba. Gidan da miji kaɗai ya iya jirgi matar kuma girki da reno, gaskiya ni ban yarda su yi nisa da gaɓa ba.

Maganar jirgi ba zan ja ta ba. Yawancin iyalai suna zaune ne a jirage masu tsawon ƙafa 38 zuwa 45. Katamaran, mai gangar jiki biyu, ba ya karkacewa gefe in iska ta cika ƙyalle, yaro zai ajiye kofinsa a tebur ya zauna, ga fili, ga ɗakuna nesa da juna, amma yana da tsada wajen saye da wajen ajiya. Mai gangar jiki ɗaya ya fi araha kuma iyalai da yawa sun zaga duniya da shi. Ko wanne kuka ɗauka, kowane yaro ya samu gadonsa da ɗan lungunsa da ba mai taɓa masa, ko da labule ne kawai ya raba shi da ɗan'uwansa, a ɗinka wa gadon wani ƙyalle mai kauri a gefe da ake ɗaurewa sama dan kar ya gangaro ƙasa cikin barci. Ma'abota harkar kan ce ku ware kaman kashi 10 cikin 100 na kuɗin jirgin duk shekara dan gyara, kar ku raina wannan maganar, gishiri yana cin komai.

Yanzu abin da ya fi komai, faɗawa ruwa. Yaro in yana nutsewa ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa yadda mutane suke zato, shiru kawai yake tafiya ƙasa, shi yasa dokar jirgi take zama doka wadda ba a roƙo a kanta ba a ciniki. In jirgi yana tafiya, yaro ba ya hawowa sama sai da rigar ceto, kuma ga ƙanana a sayi mai soso wadda take da abin wuya mai ɗaga kai, da ɗamarar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, da hannun kamawa a bayan wuya. Wannan ɗamarar ta tsakanin ƙafafu ita ce mutane suke mantawa, in ba a ɗaura ta ba yaro yana faɗawa ruwa rigar za ta taso sama ta bar shi ya zame ta ƙasa. Ku gwada rigar a ruwa maras zurfi ku ga ko tana juyo da fuskarsa sama, kar ku tsaya ga abin da aka rubuta a jikinta. Bayan riga sai igiyar da ake maƙala shi da jirgi, ku gajarta ta yadda ko ya miƙe iya ƙarfinsa ba zai kai bakin jirgi ba, dan doguwar igiya tana iya barin yaro ya faɗa kuma jirgi ya rinƙa jan sa a ruwa, wannan ma haɗari ne babba. Ku ɗaure raga a wayoyin da suka kewaye jirgi tun daga gaba har baya, tana tare yaro, tana tare takalmi da kayan wasa. Da dare kuwa in ana tafiya yara suna ciki, shikenan.

Sai kuma wata doka da sai an yi ta nanatawa, musamman ga yara maza, ba a fitsari ta gefen jirgi, ko uban ma bai kamata ya yi ba dan yara abin da suka gani suke yi, hannu ɗaya riƙe da waya jirgi ya ɗan girgiza, an tafi. Haka in kuna kan anka, a nan ma haɗari yana faruwa dan hankali ya kwanta, kowa yana zaton ɗayan ne yake kallon yaron. Ku saba da miƙa yaro da baki, ki ce masa "ga ta nan a hannunka, zan shiga ciki", shi kuma ya amsa "na karɓa", in bai amsa ba ba a miƙa ba. Za ku ji abin kaman wasa a satin farko, ku dai ci gaba har ya zame muku jiki.

Ku koya musu iyo tun kafin ku tashi, har su iya juyawa su kwanta rigingine a ruwa su huta, su kuma iya hawowa tsanin bayan jirgi da kansu. Ku rinƙa atisayen ceto da su, a jefa wani abu mai yawo a ruwa a ce mutum ne, aikin yaro ɗaya shine ya nuna wajen da yatsa kar ya ɗauke ido ko daƙiƙa ɗaya, dan kan mutum tsakanin igiyoyin ruwa ɓacewa yake nan take, wani ya danna maɓallin da ke ajiye wurin a GPS, wani ya jefa abin riƙewa. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai zai iya koyon rediyon VHF, irin oba-oba ɗin nan, ya san tasha ta 16 ita ce ta neman agaji, ya danna ya ce Mayday sau uku, ya faɗi sunan jirgi, ya karanto lambobin da ke kan allon GPS, ya saki maɓalli ya saurara. Ku rubuta wannan da manyan baƙaƙe ku liƙa kusa da rediyon. Ku nuna masa jan maɓallin gaggawa da ke ƙarƙashin murfi, da inda na'urar EPIRB take, wadda in an kunna ta take aika wa tauraron ɗan'adam inda kuke, sannan ku gaya masa ba abin wasa bane.

Cikin jirgin ma akwai abubuwan da suke cizo. Sandar nan ta kwance da ke riƙe ƙasan babban ƙyalle in iska ta juya tana wulgawa daga gefe zuwa gefe da ƙarfin da zai fasa kai, ku ware wa yara wajen zama da ba ta isa. Winci, ƙarfen nan mai juyawa da ake naɗa igiya a kai a ja ƙyalle, yana cin yatsa da gashi. Ƙofar sauka ciki mai tsani ita ce yara ƙanana suka fi faɗowa daga kanta, a saba musu sauka da baya suna fuskantar tsanin. Kicin kuma ya fi ko'ina ƙona mutane, tukunya a kan wuta jirgi yana rawa, dan haka ku yi girki da tukunya mai murfin da ke kullewa, ku matse ta da maƙallan murhu, yaro kar ya tsaya a ƙasan mai girki, kuma kar a taɓa miƙa ruwan zafi ta saman kan yaro. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya gangarawa yake can ƙasan jirgi ya taru, dan haka a kashe shi daga silinda duk lokacin da aka gama. Jariri kuwa, iyalai da yawa suna ɗaure kujerar mota ta jarirai a cikin jirgi, in ana buƙatar hannu huɗu a sama na minti goma sai a zaunar da shi a ɗaure, zai yi kuka, amma yana nan lafiya.

Ɗan kwale-kwalen roba da kuke zuwa gaɓa da shi shine motarku, a rana za ku hau shi sau da yawa, kuma farfelarsa tana yanka kaman wuƙa. Igiyar nan da ke kashe inji in matuƙi ya faɗa, a ɗaura ta a ƙafa ko a hannu kullum, a kashe inji kafin a ɗauko mai iyo, da dare a riƙe tocila, a ajiye matuƙan hannu a ciki ko da inji ya ƙi tashi, dan a Karibiyan iska daga gabas take kaɗawa kuma galibi a yammacin tsibiri ake sauke anka, in injin ya mutu iskar waje za ta yi da ku, can teku.

Toh yaushe ake tafiya kuma ina? Lokacin mahaukaciyar guguwa a Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, a Kudancin Fasifik kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu. Shi yasa za ku ga iyalai a Karibiyan suna gangarawa kudu zuwa Girenada ko Tirinidad in Yuni ta gabato, na Fasifik kuma in Nuwamba ta gabato su nufi Niyu Zilan ko Ostareliya. Ku karanta takardar inshorarku da kyau dan akan rubuta iyakar da ba a yarda jirgi ya wuce ba a waɗannan watanni. Amma kar ku ɗauka kudu ɗin ma ba a taɓa shi, guguwar Ivan ta ragargaza Girenada a 2004, Beryl kuma ta daki tsibirin Carriacou na ƙasar Girenada ranar 1 ga Yulin 2024, tun farkon lokacin. In guguwa ta nufo ku kuma ba halin gudu, ku ɗaure jirgi iya ƙoƙarinku ku kwashe yara ku hau tudu ku shiga gini mai ƙarfi, ba a zama a jirgi da yara ana jiran irin wannan.

Ga masu farawa gabashin Karibiyan ya fi sauƙi, tsibiran suna jere kusa da juna, da yawa za ku tashi da asuba ku isa kafin la'asar, ga asibitoci, ga filayen jirgin sama. Sai dai a Disamba da Janairu iskar takan ƙara ƙarfi, mashigan da ke tsakanin tsibiran su yi tsalle-tsalle, in hasashen yanayi bai yi muku ba ku zauna, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Kuma kar ku taɓa yi wa baƙo alkawarin rana da waje a tare, kakar yara za ta sauka a tsibiri kaza ranar kaza, wannan alkawarin ne yake sa mutane fita cikin mummunan yanayi. Ku ba ta waje ko ku ba ta rana, ɗayan kuma a bari sai an kusa.

Doguwar tsallaka wani abu ne daban. Jirgin iyali yakan yi mil 120 zuwa 150 na teku a kwana ɗaya, mil ɗin teku kuwa kilomita 1.852 ne. Daga Las Palmas a Tsibiran Kanari zuwa Sant Lusiya kaman mil 2,700 ne, hanyar da ayarin ARC, jiragen da ke haɗuwa su tsallaka Atlantika tare duk shekara, ke bi a ƙarshen Nuwamba, ayarin da aka fara tun 1986, kuma iyalai da yawa suna shiga dan yaransu su samu abokai tun kafin a tashi. Daga Galapagos zuwa tsibiran Markesas kusan mil 3,000 ne, wajen sati uku ba ƙasa ba asibiti. A irin wannan ku ɗauki babba na uku in yaran ƙanana ne, dan ku biyu kuna karɓa-karɓar gadi awa uku-uku da dare, gari ya waye wanda ya kamata ya kwanta yara sun tashi suna neman abinci, kwana huɗu a haka mutum zai fara ganin abin da babu. Ko kuma, ba abin kunya bane, uwa ko uba ya hau jirgin sama da mafi ƙanƙanta su tarye ku a can.

Tashin zuciya da amai ya fi kama yara daga shekara biyu zuwa sha biyu, jarirai ba kasafai ba, kuma galibi bayan kwana biyu ko uku jiki yana sabawa. Kar ku bar yaro ya zauna a ciki yana kallon waya ko littafi a ranar farko, ku fito da shi iska ya kalli can nesa inda sama ta haɗu da ruwa, in ya isa ku ba shi sitiyari ya riƙe, yana taimakawa sosai. In ya fara yin shiru, yana hamma, fuska ta canza, toh ya kusa, ku miƙa masa ɗan bokitinsa, kar ya leƙa gefen jirgi. Ku rinƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan da busasshen biskit, ku lura da fitsarinsa, in ya daina fitsari abin ya wuce wasa. Maganin jiri na yara ku tambayi likita tun a tudu ku gwada a gida, wasu suna sa barci wasu kuma suna hargitsa yaro. Ku dafa abincin kwana biyun farko tun kafin ku tashi.

Rana a waɗannan wurare daga sama take dukanku daga ruwa ma tana dawowa. Rumfa a kan wajen zama dole ce, yara su sa riga mai dogon hannu ta iyo da hula mai igiya, ko da fatarsu mai duhu ce, jariri ƙasa da wata shida kuma inuwa kawai. Su sha ruwa ko ba su ce suna jin ƙishi ba. Ƙaramin ƙwarzanen da murjani, duwatsun nan masu kaifi da ke tsiro a ƙarƙashin teku, ya yi wa yaro a gwiwa, wanda a wani waje ba za ku kula ba, a nan cikin zafi da laima yana iya ruruwa ya kumbura cikin kwana biyu, dan haka a wanke shi da sabulu da ruwan daɗi a goge sosai ko yana kuka, a sa magani, a zagaye jan da biro, in gobe jan ya wuce layin biron ku nemi likita. Kunne ma a rinƙa busar da shi bayan iyo. Takalmin ruwa kuma yana kare su daga ƙayar halittun da ke kwance a ƙasa, kuma dokar ita ce a kalla kar a taɓa, musamman dodon koɗin nan mai siffar mazurari mai kyawun zane da ake samu a Fasifik, harbinsa yana iya kisa.

Abu biyu da sababbin zuwa ba su sani ba. Na farko bishiyar manchineel da ke bakin rairayi a Karibiyan, 'ya'yanta kaman ƙananan tuffa kore, suna zube a ƙasa daidai inda yaro zai tsinta, guba ce, ruwanta yana ƙona fata, ko fakewa a ƙarƙashinta in ana ruwan sama yana sa jiki ya yi bororo. A wasu tsibiran ana shafa mata jan fenti a gindi, ba ko'ina ba, ku nuna wa yara ita ranar farko. Na biyu gubar siguwatera da ke taruwa a jikin manyan kifayen da ke zaune a duwatsun murjani, irin su barakuda. Dahuwa ba ta kashe ta, firij ba ya kashe ta, ba ta da wari ba ta da ɗanɗano, tana kawo gudawa da amai da ƙaiƙayi, mutum ya taɓa abu mai sanyi ya ji kaman wuta, kuma jikin yaro ƙarami ne ba zai ɗauka kaman babba ba. Kifin da kuka kama can tsakiyar teku irin tuna ya fi aminci, na kusa da murjani kuwa sai kun tambayi masuntan wajen, su suka san wane kifi a wane gefen tsibiri ake ci.

Sauro kuma, wanda ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, kuma akwai shi a Karibiyan da Fasifik duka. In yaro ya yi zazzaɓi a can ku ba shi farasitamol, ban da asfirin ban da ibuprofen dan suna iya ƙara zubar jini, ku kai shi a duba. Maleriya kuwa akwai ta a Vanuatu da Tsibiran Solomon da Papua New Guinea, ku nemi maganin rigakafi kafin ku shiga. Ku sa raga a tagogi, ku sauke anka ɗan nesa da gaɓa inda iska ke kaɗawa. Akwatin magani ku haɗa shi tare da likitan yara, a rubuta muku adadin kowane magani bisa nauyin kowane yaro, ku rinƙa sabunta takardar dan suna girma, ɗaya daga cikinku kuma ya yi kwas ɗin agajin gaggawa.

Ruwan sha shi ke nuna muku iya kwanakin da za ku yi a waje mai kyau. In tankinku lita 400 ne kuma ku huɗu kuna kashe lita 20 a rana, kwana 20 kenan, in yaro ya bar famfo a buɗe yana wanke baki kuwa lissafi ya rushe. Ku sa famfon ƙafa, ku yi wanka da ruwan teku ku ɗauraye da ɗan ruwan daɗi, ku tari ruwan sama da rumfa, yara suna son wannan aikin. Injin tace ruwan teku yana canza rayuwa ga mai jariri da wanki, amma yana cin wuta kuma yana lalacewa, dan haka jarkoki cike su zauna a ajiye. Kayan abinci ku saya da yawa inda suke da araha, Martinik ko Panama misali, dan a ƙananan tsibirai sai jirgin kaya ya zo ake samun sabo. Kwali kar ya hau jirgi, kyankyaso yana ƙwai a cikinsa, a juye kaya tun a gaɓa. Leda da kunzugun jarirai ba a jefa su a teku, dokar ƙasa da ƙasa ma ta hana, ku ɗaure su da kyau har ku kai inda ake karɓar shara.

Karatu. Ku fara bincika dokar ƙasarku, wasu ƙasashen suna barin iyaye su koyar a gida, wasu kaman Jamus ba sa bari, Faransawa kuma da yawa suna bin tsarin karatu daga nesa na CNED, wata cibiyar gwamnatinsu. Abin da ya fi aiki a jirgi shine awa biyu zuwa uku da safe kafin zafi ya taso, lissafi da karatu da rubutu kullum ba fashi in ana kan anka, in ana tafiya kuma a rufe littafi. Sauran ilimin yana kewaye da su, yaro ya auna mil nawa suka rage ya raba da gudun jirgi ya faɗi ƙarfe nawa za a isa, ya rubuta littafin tafiya, ya canza dalar Gabashin Karibiyan zuwa yuro a kasuwa, ya zana kifin da ya gani ya nemo sunansa. Amma kar in ɓoye muku, zama malamin ɗanka ya fi tuƙa jirgi wahala, za a yi kuka a kan tebur, in abin ya yi tsami ku yi musanya, wanda ya koyar da lissafi jiya yau ya je gyaran inji. Intanet ta tauraron ɗan'adam irin Starlink ta sauƙaƙa darasi da kiran dangi, ta kuma kawo rigimar waya har tsakiyar teku, ku sa mata lokaci.

Abin da yara suke nema fiye da kifi da rairayi shine wasu yaran. In kuka shiga waje ku duba jiragen da aka ɗaure wa raga da ƙananan kaya a shanye, ku hau kwale-kwale ku je ku ƙwanƙwasa, ba a jin kunya a wannan rayuwar. A wurare da yawa ana hira ta rediyon VHF kowace safiya, ku sanar cewa kuna da yara masu shekaru kaza. George Town a Bahamas in lokacin guguwa ya wuce, da kudancin Girenada a lokacin guguwar, sun yi suna wajen taruwar iyalai. In yaranku suka samu abokai na gaske, ku canza hanya ku bi wancan jirgin ko da ba can kuka yi niyya ba, wannan na daga cikin abin da nake nufi da yaro ke tsara tafiya. A ganina daga shekara biyar zuwa sha biyu ne lokacin da ya fi dacewa, in sun fara girma rabuwa da abokai tana musu ciwo sosai kuma suna da gaskiya, ku zauna ku saurare su, in ɗan shekara sha biyar ya ce ya gaji ku ɗauki maganarsa da nauyi.

Kuma ku tuna tsibiran nan garuruwan mutane ne. In kun iso sabuwar ƙasa ku ɗaga tuta mai ruwan ɗorawa, kowa ya zauna a jirgi, mai jirgi ya je kwastam da shige da fice da fasfo ɗin kowa har na jariri, da takardun jirgi da jerin sunayen waɗanda ke ciki. Fasfon yara yana saurin ƙarewa, ƙasashe da yawa kuma suna son ya rage aƙalla wata shida, in ɗayanku zai yi tafiya da yara shi kaɗai ya riƙe takardar amincewar ɗayan. A ƙauyukan Fiji ana kai wa mai gari damin saiwar kava, tsiron da suke haɗa abin shansu na gargajiya da shi, a nemi izini, suna kiran sa sevusevu, kafin a yi iyo ko yawo a yankinsu, a cire hula a rufe kafaɗa da gwiwa. A Tonga ranar Lahadi ba a aiki ba a hayaniya. A tsibiran Guna Yala na Panama kowace kwakwa tana da mai ita, ko ta faɗo ƙasa yaro kar ya ɗauka. Ku sauke anka a kan rairayi kar ku sauke a kan murjani, ku saki sarƙa kaman ninki biyar na zurfin ruwan, ku ja da baya da inji ku tabbatar ta kama, ku kunna ƙararrawar anka kafin ku kwanta. Wajen sauke ankar nan ne ma'aurata suka fi yi wa juna ihu, ɗaya a gaba ɗaya a baya iska tana kwashe magana yara suna kallo, ku tsara alamun hannu tun kafin ku shiga.

Ku ajiye kuɗin tikitin jirgin sama na kowa da kowa a gefe wanda ba a taɓawa ko inji ya mutu, da inshorar lafiya wadda ta haɗa da ɗauke maras lafiya zuwa babban asibiti. Littattafan da yara suka cika da sakamakon duk gwajin da suka yi ku ɗauki hotonsu ku adana a intanet dan laima tana cinye takarda a jirgi, makarantar da za su koma za ta nemi ganin abin da suka yi kafin ta san ajin da za ta sa su, katin rigakafinsu ma haka, ku haɗa shi da fasfo a jakar da ruwa ba ya shiga, ku rataye ta kusa da ƙofa inda hannu zai kai cikin duhu.